Aksolotul ya taso saman ruwa ya kasa komawa ƙasa: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya saba ganin aksolotul ɗinsa a ƙasan tanki yana takawa sannu a hankali kamar dattijo mai zagaya gonarsa, in ya wayi gari ya tarar da shi a sama yana lilo, wutsiya sama kai ƙasa, dole gabansa ya faɗi. Tambayoyin da ke nan su ne waɗanda masu kiwonsa suka fi yi a irin wannan hali. Abu guda za ka ga yana ta dawowa cikin amsoshin: tasowa saman ruwa alama ce, ciwon yana wani wuri, kuma yawanci ruwan tankin ne ko cikin dabbar.

Tukuna, wace irin dabba ce wannan?

Ba kifi ba ne, ko da yake a ruwa yake rayuwarsa gaba ɗaya. Nau'in salamanda ne, ɗan'uwan kwaɗo. Ka san talibambam yana girma ya yar da wutsiya ya fito tudu? To aksolotul shi ya ƙi yin haka: yana balaga har ya hayayyafa da siffarsa ta ƙuruciya, da gezar numfashi guda uku a kowane gefen kansa. Masana suna kiransa Ambystoma mexicanum. Asalinsa tafkunan kwarin Meziko ne, kuma yau a daji ba a samunsa sai a magudanan Sochimilko da ke kudancin birnin Meziko, wurin da ya haura mita 2,200 daga saman teku. Wannan tsayin wuri shi ya sa jikinsa ya saba da ruwa mai sanyi, kuma za mu yi ta komawa kan wannan batu.

A can gida yana dab da ƙarewa. Ƙidayar da aka yi a 1998 ta nuna kusan 6,000 a kowace murabba'in kilomita, zuwa 2014 ba su kai 40 ba. Gurɓatar ruwa da cinkoson birni sun taimaka, haka ma kifayen da aka kawo aka zuba, cikinsu har da karfasa, 'yar asalin Afirka, mai cinye ƙwai da 'ya'yansa. A gidajen mutane kuwa sai ƙaruwa yake, musamman tun 2021 da ya shiga wasan kwamfuta na Minecraft, shekarar da Meziko ta buga hotonsa a takardar kuɗinta ta feso 50. Yara da yawa sun matsa wa iyayensu an saya, ba tare da kowa a gidan ya san yadda ake riƙe shi ba.

Duk lokacin da ya taso sama, ciwo ke nan?

A'a. Aksolotul yana numfashi ta hanya uku: ta geza, ta fata, sannan yana da huhu. Saboda haka wani lokaci yakan haura sama ya kurɓi iska, ya ɗan rataya a can yana hutawa, ya saki kumfa ya sauko. Wannan ba komai ba ne.

Gwajin mai sauƙi ne. Ka hura masa iska kaɗan a bayansa, ko ka taɓa wutsiyarsa a hankali da yatsa mai tsabta. In ya tsorata ya nutse, ya je ƙasa ya zauna abinsa, to da ma sha'awa ce ta kai shi sama. In kuwa ya yunƙura ya nutse sai ruwa ya sake maido shi kamar ƙwarya, ko ya isa ƙasa amma ƙafafunsa na baya suka ƙi taɓa ƙasa, ko ya karkata gefe ɗaya ya kasa miƙewa, to akwai matsala.

An ce mini jakar iskarsa ce ta lalace, in ba shi koren wake. Gaskiya ne?

Wannan shawara daga masu kiwon kifin ado ta fito, kuma ba ta da wuri a nan. Kifaye da yawa suna da jakar iska a cikinsu wadda ke daidaita nutsewa da tasowarsu. Aksolotul ba shi da ita sam. Abin da babu shi kuwa ba ya lalacewa. Iskar da ke ɗaga shi tana cikin hanjinsa, ko cikin huhunsa, ko ta taru a cikin jikinsa.

Koren wake kuma ba cimarsa ba ce. Maci nama ne, hanjinsa ba ya sarrafa tsirrai. Ka ba shi wake, ka ƙara wa cikin da ya riga ya cushe wani nauyi.

To mene ne yake kawo shi?

Ruwa ba ya tsami banza. Yadda ya taso ɗin ma yakan ba ka labari.

In bayansa ne ya ɗaga, kai yana ƙasa, mafi yawa ciki ne: bayan gida ya tsaya, ko ya haɗiyi wani abu ya toshe hanji, abincin da ke ciki ya fara ruɓa yana fitar da iska. In duk jikinsa ne ya taso bayan cin abinci, wataƙila iska ya haɗiya. Aksolotul ba ya tauna, buɗe baki yake yi farat ɗaya ya zuƙo abinci haɗe da ruwa da duk abin da ke kusa. In abincin mai yawo a sama ne, iska ma takan bi. In yana yawan zuwa sama yana kurɓar iska ba ƙaƙƙautawa, ka duba zafin ruwa da tsabtarsa: ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar numfashi sosai, amoniya kuma, gubar da ke fitowa daga kashinsa da ragowar abinci, tana ƙona geza, sai ya koma dogaro da huhu.

Akwai waɗanda suka fi waɗannan tsanani. Ƙwayoyin bakteriya kan kama hanji su cika shi da iska. Ƙoda ko hanta ko zuciya kan gaza, ruwa ya taru a jiki, dabbar ta kumbura har wuya da ƙafafu. Huhu ɗaya kan samu rauni, sai ka ga yana kwanciya a gefe guda kullum. Sannan akwai wani ciwo da ruwan famfo mai sanyi da ya fito da ƙarfi kan jawo, ko injin tura ruwan tanki mai zuƙar iska ta wata kafa: iska ta narke a ruwan fiye da kima, ta shiga jiki ta zama ƙananan kumfa a ƙarƙashin fata. In ka zuba sabon ruwa ka ga kumfa ƙanana sun lulluɓe gilashin, ka riƙa barin ruwan ya kwana a bokiti kafin ka yi amfani da shi.

Me zan yi yanzu, a daren nan?

Ka sauko da shi ƙasa, wato ka rage masa zurfin ruwa. Abin da ya fi wahalar da aksolotul mai wannan matsala shi ne faɗan da yake yi da ruwa: dabba ce ta ƙasa, in ƙafafunsa ba su taka komai ba hankalinsa ba ya kwanciya, yana ta yunƙuri har ya galabaita.

Ka nemo robar ajiye abinci mai tsabta, wadda babu sauran sabulu a jikinta, mai faɗin da zai miƙe ya juya. Ka zuba ruwa mai sanyi da aka kashe wa kulorin, sinadarin nan da ake sa wa ruwan famfo, daidai yadda zai rufe bayansa amma ƙafafunsa suna taka ƙasa. Kada zafin ruwan ya bambanta da na tanki sosai, don sauyin gaggawa shi ma bugu ne. Wajen ɗauko shi, ka kora shi cikin wani ƙaramin mazubi ka ɗebo shi da ruwansa. Raga takan sarƙe masa geza da yatsu, hannu kuma yakan goge santsin da ke kare fatarsa. Ka rufe da murfi mai huji, domin yakan yi tsalle ya faɗo. Ka ajiye a wuri mafi sanyi da duhu a gidan. Ba shi da fatar ido, haske yana damunsa.

Robar ba ta da matatar ruwa irin ta tanki, saboda haka kullum sai an sauya ruwan gaba ɗaya, kuma da zarar ya yi kashi a sauya. Mafi sauƙi ka yi roba biyu, ka shirya ɗaya ka mayar da shi ciki, ka wanke ɗayar. Farin ƙasan robar zai nuna maka abin da tanki yake ɓoyewa: ya yi kashi ko bai yi ba, da tsakuwa a ciki ko babu. Ka wanke hannunka kafin da bayan, don dabbobin wannan dangi suna iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela.

Ruwan tankina garau yake. Yaya za a ce shi ne matsalar?

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan dai bai sani ba. Amoniya ba ta da launi, ruwa yakan yi fes alhali yana cin dabbar. Sai da kayan gwaji, kuma na ɗigon ruwa ya fi na takarda gaskiya.

Ga abin da kake nema a gwajin (naitirayit da naitiret sinadarai ne da amoniya ke rikiɗewa ta zama). Amoniya sifili. Naitirayit sifili. Naitiret ƙasa da 20 a ma'aunin ppm, wato kaso cikin miliyan. Ma'aunin pH, wato na tsamin ruwa, tsakanin 6.5 da 8. Zafi tsakanin digiri 16 da 18 na Salshiyas. Ya wuce 20 ka fara neman dabara, ya kai 24 ya daɗe a haka kuwa rayuwarsa na cikin haɗari.

Aksolotul yana da yawan ƙazanta. Kashinsa da ragowar abinci suna zama amoniya. A tankin da ya nuna, akwai bakteriya masu amfani a cikin matata da ke mayar da amoniya naitirayit, wasu kuma su mayar da naitirayit naitiret, wanda ake ragewa da sauya wani kaso na ruwan kowane mako. Kafin waɗannan bakteriya su kafu akan yi mako 4 zuwa 8. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sayi tanki da dabbar rana ɗaya. Na biyu shi ne mai son tsabta ya wanke soson matata da ruwan famfo, kulorin ya kashe bakteriyar, tanki ya koma sabo. Da ruwan da ka ɗebo daga tankin ake ɗauraye soso. Kuma zafi yana ƙara wa amoniya dafi, shi ya sa da bazara matsalolin suke haɗuwa lokaci guda.

Wajen sayen maganin kashe kulorin, ka karanta jikin kwalbar, ka guji mai haɗin alobera. Ƙarfin kwararar matata ma a rage shi. In ka ga gezarsa ta lanƙwaso gaba, ko ƙarshen wutsiyarsa ya murɗe, alamar takura ce.

Na zuba tsakuwa a ƙasan tanki don ado. Yana iya haɗiye ta?

Ya riga ya haɗiya, sai dai ko bai kai ga toshewa ba. Ƙa'idar masu kiwo ita ce duk abin da bai fi kansa girma ba, yana iya shiga bakinsa. Ƙananan tsakuwoyi wani lokaci sukan wuce, shi ya sa wasu ke ganin duwatsu a roba makonni bayan sun kwashe su daga tanki. Manya kuwa sukan tsaya. Alamarsu: ya ƙi abinci, kwanaki babu kashi, ciki ya yi tauri ko ya yi ƙullutu a gefe.

Kada ka matsa cikinsa da nufin turo dutsen. Jikinsa laushi gare shi, za ka iya fasa hanji. Ka kwashe tsakuwar duka tun yana roba. Ƙasan tanki ya zauna fayau, ko a shimfiɗa tayil, ko yashi mai laushi ƙwarai, shi ma sai dabbar ta kai tsawon santimita 15.

In ci gaba da ba shi abinci?

Ka dakata kwana biyu zuwa uku. Babban aksolotul yana jure mako guda ba ci, ba abin da zai same shi, da ma sau biyu ko uku a mako ake ciyar da shi. Bayan haka ka gwada ɗan guntun tana. Tana ita ce cimarsa mafi kyau, muddin ba daga ƙasar da aka yi wa feshi ko taki ta fito ba. In ƙwayoyin abinci na kanti kake ba shi, ka zaɓi masu nutsewa. Abin da bai ci ba cikin 'yan mintoci a cire.

Ƙarami dabam ne, shi kullum yake ci, ba a yi masa dogon azumi. A rage yawan, a ƙanƙanta loma.

Nawa ƙarami ne, ina hango kumfar iska a cikinsa. Zai mutu?

Yawanci a'a. Hakan yana yawan faruwa ga ƙanana, fatarsu shara-shara ce har kana iya ganin kumfar, wani ma yakan kife ciki sama. Hanjinsu bai gama ƙwari ba. Ruwa mara zurfi, mai sanyi da tsabta, da ƙaramin abinci, sukan wadatar, kumfar ta fita da kanta cikin kwanaki ko 'yan makonni. Kada ka kuskura ka sa allura ka ce za ka sace iskar.

Ana ta cewa a sa shi a firji. In sa?

Wannan tsohuwar dabara ce ta masu kiwo, kuma an daɗe ana gardama a kanta. Masu yi suna cewa sanyi yana rage saurin yaɗuwar ƙwayoyin cuta, kuma dabbar takan fitar da abin da ke cikinta. Masu suka suna cewa sanyin nan yana rage aikin hanji da na garkuwar jiki su ma, kuma firjin gida ba ya tsayawa a zafi ɗaya.

Ra'ayina: kada ya zama matakin farko. Yawancin masu tasowa sama roba da ruwan digiri 16 sun ishe su. Firji na wanda likitan dabbobi ya ce a sa ne, ko wanda zafi ya yi wa tarko babu wata mafita. In ya zama dole, sai ka fara ajiye robar ruwa da ma'aunin zafi a ciki na yini guda ka tabbatar yana tsakanin digiri 5 da 8, nesa da bangon baya inda abu ke daskarewa. A lulluɓe robar da tawul saboda fitilar firji. Ruwan sauyi ma a firji zai zauna don zafinsu ya zo ɗaya. Ranar fitarwa kuma a bar robar ta ɗumama a hankali kafin a mayar da shi. Inda wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, firji ya tashi daga magani ya koma haɗari.

Wankan gishiri ko na shayi fa? Ko maganin kifi na kanti?

Wankan gishiri da na baƙin shayi na fumfuna ne, farin abin nan mai kama da auduga da ke fitowa a geza ko fata. Ba sa fitar da iska daga hanji. Gishiri ma yana da zafi a fatarsa, ba a yin sa don gwaji.

Maganin kifi kuwa ka yi hattara ƙwarai. Fatar aksolotul tana shan duk abin da ke cikin ruwa. Magunguna masu tagulla a ciki, da masu koren rinin nan na malakayit, da masu man itace irin su Melafix, duk ana gargaɗi a kansu. Abin da kifi ya jure, shi yana iya kashe shi.

Yaushe zan daina jira in nemi likita?

In ya yi kwana uku zuwa biyar a roba babu sauƙi. Ko tun kafin nan in ka ga ɗaya daga waɗannan: jiki ya kumbura har wuya da ƙafafu, baki ya ƙi rufuwa, fata ta yi ja ko ta yi gyambo, jini, wani abu ya leƙo ta dubura, babba ya kife ciki sama ya kasa juyawa, ko yana ramewa. Kumburin ruwa ba na jira ba ne ko kwana ɗaya.

A nan ka bambanta da mace mai ƙwai. Ita cikinta yakan yi faɗi ta gefe biyu daidai, amma tana ci, tana tafiya a ƙasa, wuyanta da ƙafafunta ba su kumbura ba.

Ba kowane likitan dabbobi ne ya san wannan dangi ba, ka tambayi wanda ke duba kwaɗi da dabbobi masu jan ciki. Hoton eksire yakan nuna dutse da inda iska ta taru. Zai iya zuƙe ruwa ko iska da allura, ya duba kashi, ya rubuta maganin bakteriya daidai nauyin dabbar, in ta kama ya yi tiyata ya ciro dutsen. Ka je da sakamakon gwajin ruwanka, da bayanin abin da yake ci da ranar da ya yi kashi na ƙarshe. A hanya, roba mai murfi cikin kula da kwalbar ƙanƙara naɗe da tsumma.

Ai na ji yana sake tsiro da ƙafa in ta guntule. Ba zai warkar da kansa ba?

Yana tsirowa, har da wutsiya da sassan zuciya da laka, shi ya sa tun da aka kai shi birnin Faris a shekarun 1860 masu bincike ba su rabu da shi ba. Amma wannan baiwa ba ta narkar da dutse, ba ta kuma tsarkake ruwa.

Ya warke. Yaushe zai koma tanki?

In ya yi kwana biyu ko uku yana zama a ƙasa da kansa ko da ka ƙara zurfin ruwan robar, yana ci, yana kashi. Tankin ma sai ya ci jarrabawa: amoniya da naitirayit sifili kwanaki a jere, zafi ya daidaita, tsakuwa ta fita. In tankin bai nuna ba, gara ya ci gaba da zama a roba har makonni, ana sauya ruwa kullum. Ba ya cutuwa da haka. Babba ɗaya yana buƙatar aƙalla lita 75, mai tsawo ya fi mai zurfi, lita 110 kuwa ta fi sauƙin riƙewa.

Ina zaune a gari mai zafi, irin Kano ko Yamai. Zan iya kiwonsa?

Gaskiya da wuya. Inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ruwan ɗaki ma yakan wuce abin da wannan dabba ke jurewa. Fanka mai hura saman ruwa tana rage 'yan digirori kaɗan ne kawai. Kwalaben ƙanƙara suna taimakawa na 'yan sa'o'i, amma suna sa zafi ya yi ta hawa da sauka, sai ka zama mai gadi dare da rana. Abin da ke aiki shi ne na'urar sanyaya ruwan tanki, da wutar da ba ta yankewa, na tsawon shekara 10 zuwa 15 da yake rayuwa. Wanda ke zaune a Turai ko Amurka ya fi samun sauƙi, sai dai shi ma ya duba dokar inda yake, domin a jihohi irin su Kalifoniya da Niyu Jazi an hana ajiye shi a gida.